Agogon ƙirga taku: me yake gani a jikinka, me yake ɓace masa?

Tambayar ta zo daga wani Alhaji mazaunin unguwar Wadata a Yamai, ɗan asalin Adar, mai shekara 52. Likita ya ce masa suga ya fara hawa, nauyinsa ya kai kilo 88, sai ya rage ci ya riƙa motsa jiki. Ɗansa ya aiko masa da agogon hannu mai ƙirga taku da nuna kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Wata rana ya wuni yawon gaisuwa a kan kabu-kabu, daga Wadata zuwa Harobanda, daga can zuwa Talaje, ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba sai kaɗan, amma da dare agogo ya nuna masa taku sama da 9,000. Washegari ya ɗaura wa ɗan ga-ruwan da ke kawo musu ruwa. Yaron ya wuni yana tura kura, agogo bai ba shi ko taku 5,000 ba. Alhaji ya ce: "Malam, wannan abu gaskiya yake faɗi kuwa? Kuma in ya ce na ƙona kalori 600, zan iya cin abin da ya kai haka ba tare da na ɓata aikin ba?"

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara sauƙi. Gwajin da ka yi da yaron nan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin irinsa mu masu binciken motsin jiki muke yi kafin mu yarda da kowace na'ura: a ɗaura wa mutum biyu da aka san aikinsu, a ga abin da za ta ce. Kuma abin da ka gani daidai ne. Agogonka lafiyarsa lau. Haka aka ƙera shi.

A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin abu da bai kai ƙwayar dawa ba, shi ne ma'aunin motsi. A cikin wannan kuma akwai wani ɗan nauyi da aka rataya a kan siraran maɗaurai na silikon, ido ba ya iya ganinsu. Ka tuna yadda ruwa ke yi a cikin bokiti: da ka zabura da shi sai ruwan ya koma baya, da ka tsaya cak sai ya tunkuɗo gaba. Haka ɗan nauyin nan yake yi duk lokacin da hannunka ya motsa, kuma wannan ƴar gocewa ita ake mayarwa lamba. Yana auna ta ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Na'urorin da muke aikin bincike da su suna yin wannan awo sau 30 zuwa 100 a cikin daƙiƙa guda, ba dare ba rana. Abin da yake sani ke nan: wuyan hannunka ya girgiza, da ƙarfi kaza, ta fuska kaza. Ƙafarka bai gan ta ba. Gumin goshinka bai gan shi ba.

To yaya aka yi ya san taku? Tafiyar mutum tana da kiɗa. Hannu na lilo, jiki na ɗan yin sama da ƙasa, kusan sau biyu a daƙiƙa, a jere ba yankewa. An koya wa manhajar da ke cikin agogon ta nemi wannan kiɗan, duk inda ta ji shi ta ce taku ne. Yanzu ka hau bayan moto a hanyar jar ƙasa mai gargada, irin lungunan da kwalta ba ta kai ba, hannunka na kan gwiwa ko yana riƙe da ƙarfen baya. Kowane rami, kowane tudu, girgiza ce mai maimaita kanta. Manhaja ta ji kiɗa ta ƙirga. Daga nan wani kaso mai yawa na 9,000 ɗinka ya fito. Haka zai ƙirga wa mai wanki, da mai tuƙa tuwo, da mai fifita wutar shayi a fada, alhali suna zaune.

Yaron kuwa, ka tsaya ka dube shi gobe in ya taho. Hannayensa biyu a damƙe suke a kan mariƙin kura, gwiwar hannu a sandare, ƙirji ya sunkuya gaba, ƙafafu ne kaɗai ke haƙar ƙasa. In jarka goma ya ɗora masu lita 25, kilo 250 ke nan na ruwa, ban da nauyin kurar. Jijiyar wuyansa ta tashi, numfashi na fita da ƙara. Amma wuyan hannun da ka ɗaura wa agogo yana tafe sumul kamar an ɗora shi a kan tebur mai taya. Babu lilo, babu kiɗa, saboda haka taku da yawa sun wuce bai ƙirga ba. Waɗanda ya ƙirga ɗin ma, ya ɗauke su daidai da takun mai yawon shan iska hannu a sake. Nauyin da mutum ke turawa ko yake ɗauke da shi, babu ta inda ma'aunin motsi zai san da shi.

Wannan shi ne tushen zancen duka, kuma shi ya sa lambar kalori ta fi lambar taku rauni nesa ba kusa ba. Taku aƙalla ƙirga ne, ko da akwai kuskure a ciki. Kalori kuwa kintace ne aka ɗora a kan kintace. Agogo ya ɗauki girgizar, ya haɗa da shekarunka da nauyinka da tsawonka da ka shigar a salula, ya zuba a cikin wani lissafi da kamfani ya tsara bai bayyana wa kowa ba, ya fito maka da lamba.

Ƙarfin da jiki ke ƙonawa ana auna shi na gaskiya ta numfashi. Jiki na ƙona abinci da iskar oksijin, kuma kowace lita guda ta oksijin da ya sha tana daidai da kusan kalori 5. A ɗakin gwaji sai a sa wa mutum takunkumi mai tiyo, a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita. Daga nan aka samo ma'aunin da ake kira MET: mutum na zaune shiru yana shan kusan mililita 3.5 na oksijin a kowane kilo na jikinsa a minti guda, wannan shi ne MET ɗaya, kusan kalori ɗaya a kowane kilo a awa. Aikin da ya kai MET 3 zuwa ƙasa da 6 matsakaici ne, daga 6 zuwa sama mai tsanani. Barbara Ainsworth da abokan aikinta sun tattara jerin ayyuka da MET ɗinsu tun 1993, ana sabunta shi, na baya-bayan nan a 2024.

Amma ba za ka sa wa manomi takunkumi ya yi mako guda da shi a gona ba. Don haka akwai hanya ta biyu, wadda ita ce alƙalin duk sauran. Ana ba mutum ɗan ruwa ya sha, wanda aka yi wa alama biyu, hayidrojin mai nauyi da oksijin mai nauyi. Ba su da wata illa, akwai su ma a ruwan da muke sha kullum, kaɗan-kaɗan. Hayidrojin ɗin ta ruwa kawai yake barin jiki, fitsari da gumi da tururin numfashi. Oksijin ɗin kuwa yana fita ta ruwa, yana kuma fita ta iskar kabon da muke fesarwa. Sai a riƙa karɓar fitsari tsawon mako ɗaya zuwa biyu, bambancin saurin fitar alamomin biyu ya nuna yawan iskar kabon da jiki ya yi, wato yawan abin da ya ƙona. Nathan Lifson ya ƙirƙiro dabarar a Amurka cikin shekarun 1950 da ɓeraye, Dale Schoeller ya fara gwada ta a kan mutane a 1982. Tana da tsada ƙwarai, kuma sai da babban ɗakin gwaji, shi ya sa ba a yi wa mutum ɗaya don son sani.

Da aka gwada agogunan kasuwa da ma'aunin numfashi, ga abin da ya fito. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka ɗauki agoguna iri bakwai, har da Apple Watch da Fitbit Surge da Samsung Gear S2, suka gwada su a jikin mutum 60, a zaune, a tafe, a guje, da kan keke. Wajen bugun zuciya shida daga cikinsu kuskurensu bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowa kyau ya kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni da kashi 93. Kuma wannan a ɗaki ne mai sanyi, a ayyukan da aka ƙera agogunan dominsu. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma binciken da ya biyo baya yana ta maimaita magana guda: taku da bugun zuciya da dama-dama, kalori ba abin dogaro ba. Ka ɗauki 600 ɗinka ka yi masa rangwamen mafi kyawun agogo: gaskiyar tana iya zama 440, tana iya zama 760. Ga shi wasu agogunan suna cusa abin da jiki zai ƙona ko da kana kwance a cikin lambar da suke nunawa.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na wanda ya tashi a Tawa kuma yake wannan aiki, shi ne inda aka koyar da waɗannan na'urori. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita shekara da shekaru wajen fassara na'urar ActiGraph ta ƙugu, Patty Freedson ce ta fitar da ita a 1998 a Jami'ar Massachusetts. Matasa 50 aka ɗora a kan injin tafiya, shimfiɗaɗɗe mai santsi, aka ce duk minti ɗin da ƙirgar girgizar da na'urar ta ji, ba taku ba, ta kai 1,952 aiki ne matsakaici. Aikin ya yi kyau a inda aka yi shi. Amma wa ke tafiya a kan shimfiɗa mai santsi a Adar?

Ka ɗauki rairayi kawai. A 1998 wasu masana a Beljiyam, Lejeune da Willems da Heglund, suka auna tafiya a cikin busasshen yashi, suka tarar tana cin ƙarfi ninki 2.1 zuwa 2.7 na tafiya a kan ƙasa mai tauri, da sauri iri ɗaya. Ƙafa na nutsewa, tana zamewa baya, kowane taku sai an sake biya. Duk wanda ya taɓa ratsa tudun yashi zuwa gona da rani ya san haka a ƙafafunsa. Ga na'ura kuwa taku ɗari a rairayi da taku ɗari a kan kwalta duk ɗaya ne. Wani lokaci ma na rairayin ya fi laushi, ta ba shi lamba ƙasa. Haka hawan duwatsun wajen Keita da Buza: in agogon ba shi da ma'aunin tsawo, hawa da gangara ba su da bambanci a wurinsa.

Sai kayan kai. Mace ta taso daga rijiya da bokitin lita 20 a kan gammo, goyo a baya, hannu guda a sama yana dafe da bakin bokiti. In a wannan hannun agogon yake, ya zama kamar na yaronka, shiru. Tafiyarta kuma a natse take don kada ruwa ya zube, ƙugu ba ya tsalle, saboda haka ko na'urar ƙugu ƙaramar lamba za ta ba ta. A 1986 Maloiy da abokansa suka buga wani bincike a kan matan Luo da Kikuyu na Kenya, suka ce suna iya ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da numfashinsu ya nuna ƙarin kashe ƙarfi ba. Binciken da aka yi daga baya a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowace mace ke samun wannan sauƙi ba. Kuma bokitin lita 20 a kan mace mai kilo 55 ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, ya wuce wancan iyaka da nisa.

Na taɓa ɗaura wa ƙanwar mahaifiyata na'ura biyu a ƙauyenmu, ɗaya a ƙugu ɗaya a hannu, don in gani da idona. Ta tsaya a gaban turmi ta ware ƙafa, ta ɗaga taɓarya har ta wuce kanta, ta sako ta da nishi, gero na tsalle yana komawa. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta koma ribɗi, zanenta ya jiƙe a gadon baya. Da na buɗe bayanan a kwamfuta da dare, ta ƙugun ta nuna kamar mai ƴan kai-da-kawo a tsakar gida, ta hannun kuma ta yi tsiri kamar ta mai gudun tsere. Mace guda, aiki guda, lokaci guda. Ita kuma Inna abin da ya dame ta shi ne ko ruwan alwala zai ɓata abin, har ta cire ta hannun da azahar ta rataye a ƙusa, ba ta mayar ba sai la'asar. A bayanan ta hannun, waɗannan awoyi sun fito kamar ta yi barcin rana, alhali itace ta je yi. Shi ya sa a bincike ba ma karɓar rana sai an sa na'ura aƙalla awa 10, kuma ba ma karɓar mutum sai ya cika kwana huɗu irin haka, kuma muna haɗawa da tambayar baki: me kika yi daga asuba zuwa hantsi?

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In aka ɗauki ƙa'idar injin tafiya aka auna matan karkara da ita, takarda za ta ce ba sa aiki mai nauyi, kuma da irin waɗannan takardu ake lissafa abincin da mai ciki da mai shayarwa ke bukata. Da masu bincike na Birtaniya suka auna matan Keneba a Gambiya da ruwan nan mai alama biyu lokacin aikin damina, sakamakon da suka buga a 1989 ya nuna kashe ƙarfi mai yawan gaske, a daidai watannin da rumbu ya yi ƙasa. Ruwan ya ga abin da na'urar ƙugu za ta tsallake.

Za ka ce ai agogonka na auna bugun zuciya, ga koren hasken nan da ke walƙiya a bayansa. Gaskiya ne, kuma yana taimakawa, domin zuciya ta san nauyin kura ko hannu bai motsa ba. Jini na shanye koren haske, kowane bugu jinin da ke ƙarƙashin fata na ƙaruwa ya ragu, agogo ya ƙirga. Sai dai a ƙasarmu zuciya na da dalilai da yawa na yin sauri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, jiki na tura jini zuwa fata don ya huce, ruwan jiki na raguwa da gumi, zuciya ta ƙara gudu alhali aikin bai ƙaru ba. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, shayi mai kauri kofi uku, ɓacin rai, duk suna ɗaga ta. Agogo ya ga haka ya ƙara maka kalori. Wasu magungunan hawan jini kuma, irin su atenolol, suna rage bugun, sai ya rage maka. Gumi da sakakken maɗauri suna ruɗa hasken. Game da baƙar fata, binciken Stanford ya ga kuskure ya ɗan fi yawa a masu duhun fata, wani na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai ƙarfi ba, amma ya ga kuskure na ƙaruwa sosai da zarar mutum ya fara motsi.

Masu bincike a Kambirij ta Birtaniya, irin su Søren Brage, sun yi aiki da na'ura guda mai suna Actiheart da ta haɗa biyun, motsi da bugun zuciya, wadda ake mannawa a ƙirji, kuma kafin a sallami mutum sai an sa shi hawa da sauka a kan ɗan dandamali don a san yadda zuciyarsa shi kansa ke amsa aiki. Felix Assah ya yi amfani da ita a Kamaru, ya gwada ta da ruwa mai alama, ya kuma nuna mutanen karkara sun fi na birni kashe ƙarfi a aiki, kuma masu ƙarancin motsi sun fi tara alamomin da ke kai wa ga ciwon suga da na zuciya. Wannan shi ne labarinka da nawa, Alhaji. Mun bar gona mun zo biro.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma amsarta a'a ce, ba tare da kwana-kwana ba. Kada ka ci abinci bisa lambar agogo. Mu yi lissafi da jikinka. Mutum mai girmanka yana ƙona wajen kalori 1,700 a rana ko da ya wuni kwance, aikin zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa da ƙoda ke nan, kuma shi ne kaso mafi girma, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ga mai zaman ofis. Narkar da abinci na cin kusan kashi 10. Abin da ya rage shi ne motsi. In ka yi tafiya mai sauri ta minti 30, MET 4 sau kilo 88 sau rabin awa, kalori 176 ke nan. Cire 44 da za ka ƙona ko kana zaune, saura 132. Kwalbar lemo guda mai santilita 33 tana da wajen 140. Cokalin mai guda da aka zuba a kan shinkafa da wake, wajen 120. Ƙwayar sukari mai giram 5, kalori 20, ka ƙirga nawa ke shiga buta daga na fari zuwa na uku. Rabin awar gumi, minti biyu sun isa su mayar da ita.

Akwai kuma wani abu da ruwa mai alama ya bankaɗo. A 2012 Herman Pontzer ya auna mafarautan Hadza na Tanzaniya, masu yawon kilomitoci kullum, ya tarar abin da suke ƙonawa a wuni, in an daidaita da girman jiki, bai yi nisa da na mutanen Amurka da Turai ba. Ana ci gaba da muhawara a kan girman wannan abu, amma alamu sun nuna jiki na rama wani ɓangare na abin da aka kashe a motsi ta hanyar tsimi a wani wuri. Agogo bai san da wannan ba, tarawa kawai yake. A 2021 kuma, da aka haɗa awon mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, aka ga ƙonawar jiki, in an daidaita da girmansa, tana nan daram daga shekara 20 har 60. Wato a 52 injinka bai yi sanyi ba. Abin da ya sauya shi ne kujera da moto da kwanon abinci.

Kada wannan ya karya maka gwiwa game da tafiya. Amfaninta ga mai suga ya wuce zancen kalori. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini kai tsaye, kuma bayan an gama, jiki ya fi jin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, har kwana ɗaya zuwa biyu. Hawan jini na sauka, barci na gyaruwa. Wannan duk yana samuwa ko sikeli bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na aiki matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Taku 10,000 da agogo ke tsokanarka da shi kuwa, asalinsa talla ne. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. Da I-Min Lee ta Harvard ta bi mata tsofaffi 16,741 a binciken da ta buga a 2019, ta ga masu taku wajen 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙasa a cikinsu idan aka kwatanta da masu 2,700, amfanin na ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Wani babban nazari na 2022 ya sa iyakar a 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai 60 ba, 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka haura. Riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga kaɗan zuwa dama-dama.

To agogon a jefar? Ko kusa. Ka ɗauke shi kamar tiyar da ba ta cika mudun kasuwa ba. Ba za ka sayar da hatsi da ita ba, amma in da ita kake awo kullum a gida, za ta gaya maka ko yau an ci fiye da jiya. Kuskurensa a jikinka kusan iri ɗaya ne kowace rana, don haka yana da amfani wajen gwada kai da kai. Gwada kai da wani ne ba ya iyawa.

Ka ɗaura shi a hannun hagu in da dama kake aiki, sama da ƙashin wuyan hannu da yatsa guda, ya kama amma kada ya matse. Ka fita kan hanya mai tauri ka ƙirga taku 200 da bakinka ka duba abin da ya ce, don ka san halinsa. Makon farko kada ka sauya komai, ka rubuta lambar kowane dare a ɗan littafi, ka yi alama a ranakun da ka daɗe a kan moto ka cire su daga lissafi. Abin da ya rage shi ne ainihin takunka. Daga nan ka ƙara kamar 500 zuwa 1,000 a rana, ka riƙe mako biyu, ka sake ƙarawa. Saurin ma ka kula da shi: taku 100 a minti shi ne kusan bakin aiki matsakaici, wato 25 a daƙiƙa 15. Ko ba agogo za ka gane, in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, ka kai.

Lokacin da ya fi shi ne bayan asuba kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan magariba. Masu zagaya filin wasa na Seyni Kountché da safe suna nan da yawa, amma ba sai ka je can ba, masallacin da ya ɗan fi nisa ma ya isa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan da suga ke yi, kuma ita na fi so ka riƙe, musamman bayan tuwon dare. Ka sa takalmi rufaffe mai laushi, ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, domin suga na kashe jin ƙafa a hankali, ƙaya ta shiga mutum bai sani ba. In an ɗora ka a kan insulin ko maganin suga na glibenclamide, ka gaya wa likitanka kafin ka ƙara tafiya, ka riƙe dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, kuma ka yi shawara da shi daban game da azumi. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi komawa daidai, a tsaya a nufi asibiti.

Sakamakon kuma a wasu wurare za ka neme shi. Sikeli guda, sau ɗaya a mako, da safe. Gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku. Da igiya: ka auna tsawonka da ita daga ƙasa zuwa ka, ka ninka ta biyu ta koma rabi, ka zagaya cikinka tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Ana so bakin biyu su haɗu. Ka yi ƙulli a inda ta tsaya yau, ka sake gwadawa bayan wata uku, ka tafi wa likita da igiyar da ɗan littafin.

Yaron nan kuma, in kana so ka yi masa adalci a ƙirga, ka ɗaura masa agogon a idon sawu, kai kuma ka sa salularka a aljihun wando, ku taso tare daga famfo har ƙofar gida. Takunku zai zo kusa da juna. Sannan ka dubi rigarsa, ka dubi taka.